Daga Augsburg zuwa Venis: kundin tafiyata ta tsaunukan Alps

5 ga Yuli, 2025

Yau na biya kuɗin farko, don haka magana ta tashi daga buri ta koma aiki. Niyyata in tsallaka tsaunukan Alps ni kaɗai, daga kudancin Jamus in ratsa Ostiriya in sauka Italiya. Inda dutse yake zan taka da ƙafa, inda kwari ne mai kwalta zan hau mota, sannan in bi tsofaffin birane a jirgin ƙasa har Venis. Hanyar ƙafar da na zaɓa ita ce wadda ake kira E5, ɓangarenta da ya tashi daga Oberstdorf ya dire Meran.

Abin da ya ja ni shi ne garin da nake zaune, Augsburg. Duk wanda ya zauna nan ya san arzikin garin ta kan dutse ya tsallako. Rumawa ne suka kafa shi shekara 15 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a zamanin sarkinsu Claudius, wajen shekara ta 46, suka kammala hanyar Via Claudia Augusta wadda ta haɗa arewacin Italiya da wannan yanki. Bayan ƙarnoni, attajiran gidan Fugger suka yi ta kai-komo da Venis ta waɗannan kwaruruka. E5 ba ita ce hanyar fataken ba, ta fi ta tsayi da wuya, amma tana ratsa ta a kwarin kogin Inn, ta sake haɗuwa da ita a Meran. Ina son ƙafata ta san girman abin da ya raba kudu da arewa.

Kuɗin da na biya na shiga ƙungiyar masu hawa dutse ta Jamus ne, DAV, wadda aka kafa a 1869. Ya tasam ma Yuro 90 na shekara. Amfaninsa biyu: rangwamen kwana a masaukan kan dutse, da inshorar ceto. Ga mai tafiya shi kaɗai na biyun ya fi muhimmanci, domin idan jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko mutum daga kan dutse, kuɗin dubbai ne.

12 ga Yuli

Takalman hawa dutse, Yuro 185. Mai shagon ya sa na gwada su da safa mai kauri a kan wani gangare na katako da ke cikin shagon, ya ce idan yatsa ya taɓa gaba a nan, a dutse farce zai fita. Na ɗauki wanda ya ɗara lambata. Jakar goyo da sanduna biyu aro na samu wajen wani abokin karatu.

20 ga Yuli

Gwajin farko a Grünten, dutse mai tsayin mita 1,738 a yankin Allgäu. Tikitin wata na ƙananan jiragen ƙasa, Yuro 58 a 2025, wanda dama da shi nake zirga-zirga, shi ya kai ni ya dawo da ni. Na cika jakar da gorunan ruwa don in ji nauyi na gaskiya. Hawan bai ba ni wuya ba, saukar ce ta nuna mini inda aiki yake: cinyoyi suna rawa, ga bororo ya fito a dunduniyar hagu. Wata tsohuwa da ta wuce ni a gangare ta tsaya ta nuna mini yadda ake ƙara wa sanduna tsawo idan za a sauka, a rage idan za a hau. Daga yanzu duk ƙarshen mako akwai dutse, ranakun aiki kuma matakalar bene da jaka a baya.

2 ga Agusta

Makon nan maganar masauki ce ta ɗauke mini hankali. Masaukan E5 daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba kawai suke buɗe, kuma masu jagorantar ayari suna kame gurabe tun cikin hunturu. Abin da ya rage wa irina shi ne jiran wanda zai fasa. Safe da dare ina duba shafin ajiye gurbi, kuma da yake gado ɗaya nake nema, ana samu. A nan kaɗaici ya yi mini rana. Yanzu duk na kama, a ɗakin kwana na gama-gari, kowane dare tsakanin Yuro 15 zuwa 20, abinci daban.

Na kira Umma na faɗa mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, dutsen ba shi da hanyar mota ne?" Na ce akwai, Umma, har da rami a ƙarƙashinsa. Ta ce to me ya yi zafi. Da na yi mata bayani ba ta hana ni ba, sharaɗi ɗaya ta kafa: duk inda na sauka in aiko da saƙo, kuma kada in yi gardama da hadari. Na ba Yaya jerin masaukan da ranakunsu, da lambar gaggawa 112, da 140 ta masu ceto a duwatsun Ostiriya.

8 ga Agusta

Yau hutu ne a Augsburg kaɗai, bikin zaman lafiya da suke yi tun 1650, bayan yaƙin addini na shekara 30. Na shiga unguwar Fuggerei, wadda Jakob Fugger ya yi waƙafinta a 1521 don talakawan garin. Har gobe mutane na zaune ciki, kuɗin hayar shekara santi 88, tare da addu'a uku kullum ga iyalan da suka gina ta. Jakob yana saurayi aka tura shi Venis koyon kasuwanci da lissafi, daga baya ya mallaki cinikin azurfa da tagulla na ma'adinan Tirol, yankin da ke cikin tsaunukan Alps. Gidan da ya zauna a Venis yana nan tsaye, kuma shi na sa a matsayin ƙarshen tafiyata.

17 ga Agusta

Jaka ta tsaya a kilo 9 da ruwa. Rigar ruwa, rigar sanyi, hula da safar hannu, siririn buhun kwana na yadi da masaukai suka wajabta, filasta, fitilar goshi, ƙaramar darduma, dabino, gyaɗa, kifin gwangwani. Kuɗi a hannu, domin ba kowane masauki ke karɓar kati ba. Bororo ya warke.

24 ga Agusta, Kemptner Hütte

Jirgin safe zuwa Oberstdorf, ƙaramar bas zuwa Spielmannsau, daga nan ƙafa. Hanyar ta bi kwazazzabon Sperrbach, ruwa na zubowa daga bangon dutse ya ratsa turba, wasu wuraren an ɗaura igiyar ƙarfe a riƙe. Masaukin yana mita 1,844, cikin ciyawa shar.

Tsarin masauki sai an koya. Takalmi ba ya wuce ɗakin shanya. Ƙarfe goma na dare kowa ya yi shiru har shida na safe. Ana kwana a jere, katifa na jikin katifa. Abincin dare yawancinsa da naman alade, don haka na nemi taliyarsu ta ƙwai da cuku da soyayyar albasa, kuma ta ƙosar. Na haɗa Magariba da Isha a bayan ginin, alƙibla kudu maso gabas. Ba wanda ya dame ni. Wani dattijo da ya fito shan iska ya tsaya nesa har na sallame kafin ya wuce.

25 ga Agusta, Memminger Hütte

Asuba a ɗakin shanya takalma, alwala da ruwan da ke sa haƙora kaɗawa. Kafin rana ta fito sosai na kai mashigar Mädelejoch, mita 1,974, inda wani ƙaramin allo ya ce an shiga Ostiriya. Babu shinge, babu jami'i. Gangare zuwa Holzgau, ta kan gadar igiya mai tsawon mita 200 da ke lilo a saman kwazazzabo. Gidajen ƙauyen an yi musu zane a bango. Kogin da ya ratsa kwarin shi ne Lech, wanda nake tsallakawa kullum a Augsburg, amma a nan shuɗi ne, yana yawo yadda ya so cikin tsakuwa.

Motar haya ta gayya zuwa cikin kwarin Madau, Yuro 20, sannan hawa mai tsanani zuwa mita 2,242. Da yamma awakin dutse masu manyan ƙahoni suka fito a gefen tudu.

26 ga Agusta, Zams

Yau gwiwa ta ba ni matsala, kuma zan rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla don mai niyyar zuwa.

Hawan safe gajere ne: a wuce ƙananan tafkuna, a bi tsakuwa, a kama igiyar ƙarfe a ƙarshe, a fito ta wata 'yar tsaga da ake kira Seescharte, mita 2,599. Mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda. Daga wannan tsaga zuwa Zams gangare ne na fiye da mita 1,800 a wuni ɗaya, kuma shi ne abin da kowa ke tsoro a hanyar nan. Farkonsa tsakuwa mai zamewa. Tsakiyarsa makiyaya ce mai daɗi, ga rafi, ga dawaki da shanu masu ƙararrawa a wuya. A nan na ci dabino, na cika gora, na ji kamar an gama. Ashe sauran aikin yana gaba, a Zammer Loch, inda aka sassaƙe turba a jikin bango, hagu dutse, dama rami mai zurfin da ba a ganin ruwan da ke ƙasa sai dai a ji ƙararsa. Bangon yana fuskantar rana, babu inuwa, babu ruwan sha, kuma garin Zams yana bayyana can ƙasa tun da sauran tafiya mai nisa.

Wajen azahar gwiwar dama ta fara suka ta gefen waje. Da farko sai na taka gangare mai tsauri take yi, daga baya kowane taku. Ayarin da muka taso tare duk sun wuce. A nan na fahimci abin da tafiya kai kaɗai take nufi: babu wanda zai karɓi jakarka, kuma babu wanda zai ce maka ka huta ko ka ci gaba. Na zauna, na ɗaure gwiwar da bandeji, na ƙara wa sanduna tsawo, na rage faɗin taku, ina sauke ƙafar mai ciwo tukuna a kowane mataki. Ruwana ya ƙare saura kamar awa guda. Wasu mata biyu 'yan Holan da suka zo daga baya suka raba nasu da ni, suka rage sauri muka sauka tare ba tare da na roƙa ba. Allah ya saka musu da alheri.

Na shiga Zams da la'asar sakaliya ina ɗingishi.

27 da 28 ga Agusta

Hutu dole. Mai kantin magani ta duba, ta ce alamar jijiyar gefen cinya ce ta yi zafi saboda gangare, ta ba ni man shafawa da abin ɗaure gwiwa, Yuro 34. Ta ce idan ta kumbura in ga likita. Ba ta kumbura ba. Ɗaki a gidan baƙi Yuro 62 kowane dare, abin da ban sa a lissafi ba. Na yi ta waya ina matsar da ranakun masaukan gaba, kuma Allah ya taimake ni aka samu gurabe.

Na taka a hankali zuwa Landeck, garin da ke manne da Zams. Gidan sarautarsa na kan tudu yana kallon inda kwaruruka suka haɗu. Ta nan tsohuwar hanyar Rumawa ta bi kogin Inn zuwa mashigar Reschen, wadda tsayinta bai wuce mita 1,500 da kaɗan ba. Fatake sun san abin da suke yi: inda dutse ya fi sauƙi suke nema, saboda dabbobinsu da kayansu.

29 ga Agusta, Braunschweiger Hütte

Bas ta kwarin Pitztal har ƙarshensa a Mittelberg. Na ba da jakata aka ɗora a akwatin igiya da ke kai wa masaukin kaya, Yuro 6, na hau da gora da rigar ruwa kawai. Gwiwa ba ta ƙin hawa. Masaukin yana mita 2,759, kuma daga barandarsa ana kallon daskararriyar ƙanƙarar Mittelbergferner. A bangon ɗakin cin abinci akwai tsofaffin hotuna, kuma duk mai ido zai ga inda ƙanƙarar take a da da inda ta ja baya yanzu, ta bar dutse tsirara. Kaina ya ɗan yi nauyi saboda tsayi. Hasashen gobe ba shi da kyau.

30 ga Agusta, Vent

Cikin dare iska ta taso, da safe muka tarar dusar ƙanƙara ta rufe komai, hazo kuma ya sauko har ba a ganin tutar da ke gaban ƙofa. Shirin yau shi ne in tsallaka Pitztaler Jöchl, mita 2,996, ko maƙwabciyarta Rettenbachjoch. Alamomin hanya fenti ne ja da fari a jikin duwatsu, kuma dusa ta binne su.

Ayari biyu masu jagora suka shirya za su bi ta Rettenbachjoch. Wani daga cikinsu ya ce in bi sawunsu. Na daɗe a bakin ƙofa ina aunawa. Su suna da wanda ya san kowane dutse a wurin, kuma shi nauyinsu ya ɗauka, ba nawa ba. Idan gwiwata ta tsaya a tsakiya, ko dai in tsayar da mutanen da suka biya kuɗinsu, ko su ɓace mini cikin hazo a wurin da sawu ke shafewa cikin 'yan mintoci. Na tambayi mai kula da masaukin, ya kalli ƙafata, ya kalli sama, ya ce shi da zai sauka. Na sauka.

Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Wannan mashiga tana cikin abin da na fi ɗokin gani, kuma ina ji ina gani na juya mata baya. Amma ra'ayina bai canza ba: wanda ke tafiya shi kaɗai dole ma'auninsa ya fi na ayari tsauri, domin kuskure ƙarami a wurinsa ba shi da mai gyarawa.

Saukar ta ɗauki lokaci, duwatsu na santsi har inda dusa ta koma ruwan sama. Daga Mittelberg bas zuwa Imst, jirgin ƙasa zuwa bakin kwarin Ötztal, wata bas ta Sölden zuwa Vent. Zagayen wuni guda don wurin da ke bayan dutse ɗaya. Kuɗin mota ya haura Yuro 30. Na aika wa Umma saƙo cewa ban yi gardama da hadari ba.

31 ga Agusta, Martin-Busch-Hütte

Gari ya washe. Vent ƙaramin ƙauye ne a mita 1,900 ko kusa da haka, ƙarƙashin Wildspitze, mita 3,768, dutse na biyu a tsayi a Ostiriya. Hanya mai sauƙi ta kwarin Niedertal zuwa mita 2,501.

Tumaki ne ko'ina a gangaren, masu dogayen kunnuwa, an shafa wa kowace fenti a baya, kowane gida da launinsa. Ba na Ostiriya ba ne. Na manoman kwarin Schnals ne da ke ɓangaren Italiya. Duk watan Yuni ana koro dubbansu su tsallako mashigai masu tsayin kusan mita 3,000, wani wurin a kan ƙanƙara, su yi rani a nan, a mayar da su tsakiyar Satumba. Haƙƙin kiwon yana rubuce tun ƙarni na 15. Da aka ja iyaka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ba Italiya kudancin Tirol a 1919, iyakar ta raba makiyayan da makiyayarsu, amma ba a hana su wucewa ba, kuma a 2019 UNESCO ta sa irin wannan ƙaurar kiwo cikin al'adun da duniya ke karewa. Na tsaya ina kallonsu ina tuna Fulaninmu da burtalolin da gonaki suka cinye. A nan an rubuta hanyar dabba, an mutunta rubutun shekara ɗari shida.

1 ga Satumba, Similaunhütte

Mita 3,019, a kan mashigar Niederjoch, iyakar Ostiriya da Italiya. Dusar shekaranjiya ta narke a inda rana ke bugu. Na ajiye jaka, na tambaya, aka ce turbar Tisenjoch ta buɗe. Ta kan ƙashin bayan dutse ake bi, da igiyoyi a wurare masu wuya. A mita 3,210 akwai dala ta duwatsu da aka gina kusa da inda wasu ma'aurata daga Nuremberg, Erika da Helmut Simon, suka ga gawa ta fito daga ƙanƙara ranar 19 ga Satumba, 1991. Sun ɗauka wani mai hawa dutse ne da ya ɓata. Ashe ya fi shekara 5,000 a wurin. Iska a nan ba ta barin mutum ya daɗe. Numfashi ma da ƙyar.

2 ga Satumba, Meran

Gangare ta kwarin Tisen zuwa tafkin Vernagt, a hankali, gwiwa a ɗaure. Ta yi ƙorafi amma ta kai ni. Tafkin na madatsar ruwa ne, kore shar. Bas ta sauko da mu cikin gonakin tuffa da inabi, zafi na ƙaruwa a kowace kwana, har muka shiga Meran inda itatuwan dabino na ado ke tsaye a bakin kogin Passer. Da safe safar hannu, da yamma riga ɗaya. Ɓangaren ƙafa ya ƙare, ban da mashigar da na bari.

3 ga Satumba

Wanki, barci, yawo kaɗan a tsohuwar kasuwa mai rumfunan dutse. A saman gari akwai gidan sarautar Tirol. Mutane na gaisawa da Jamusanci, allunan titi harshe biyu.

4 ga Satumba, Bolzano

Gidan adana kayan tarihi inda aka ajiye mutumin ƙanƙara, Ötzi, tun 1998. Da aka auna aka ga inda ya kwanta yana cikin Italiya da mita 92, shi ya sa yake nan.

Kayansa ne suka fi kama ni, wataƙila don na kwana biyu ina tattalin nawa. Takalmi mai tafin fatar beyar da aka cusa wa busasshiyar ciyawa don ɗumi. Hular fata. Kwanson ɓawon itace da yake ɗaukar garwashi a ciki, nannaɗe da ganye. Baka da bai gama sassaƙawa ba. Gatari na tagulla, wanda bincike ya nuna ƙarfensa daga kudancin Toskana, a tsakiyar Italiya, ya fito, nisan ɗaruruwan kilomita, wato tun a lokacin kaya na tsallaka ƙasashe. Shekarunsa kamar 45, gaɓoɓinsa sun ci wuya, kuma a jikinsa akwai zane 61, da yawa a gwiwa da idon sawu da ƙugu. A 2001 hoton asibiti ya nuna kan kibiya a kafaɗarsa ta hagu. Ta bayansa aka harbe shi.

Gawar kanta tana cikin ɗakin sanyi, ana leƙawa ta wata 'yar taga, mutum ɗaya bayan ɗaya. Na shiga layi, na leƙa, ban daɗe ba. Na san ilimin da aka samu daga gare shi ba kaɗan ba ne, kuma an killace wurin da natsuwa. Duk da haka zuciyata ba ta saki ba. Mu an koya mana gaggauta suturta mamaci, kuma wannan ɗan Adam ne, yana da uwa. Kayansa sun ishe ni sanin ko shi wane ne.

5 ga Satumba, Verona

Jirgin ƙasa ya bi kogin Adige, duwatsu na raguwa har suka buɗe. Na samu Juma'a a wani masallaci da ke bayan gari, cike da 'yan Maroko da Senegal da Bangaladash, kuma na ci abincin da ba sai na yi tambaya a kansa ba. Dandalin Rumawa da ke tsakiyar gari, wanda aka gina a ƙarni na farko, har yanzu ana taro a cikinsa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gadar Ponte Pietra. Sojojin Jamus sun tarwatsa ta a 1945 suna janyewa, mutanen gari suka tsamo duwatsunta daga kogi suka mayar da ita a shekarun 1950. Ana gane farin dutsen Rumawa daga jan bulo na baya.

7 ga Satumba, Venis

Na sauka a Mestre, ɓangaren tudu, domin gado a cikin tsibiran ya fi ƙarfina. Yuro 45 a ɗakin mutum shida, jirgi na 'yan mintoci ya tsallaka da kai. Jirgin ruwan haya Yuro 9.50 shiga ɗaya, don haka ƙafa na yi ta yi, gada bayan gada. Yau aka yi tseren kwalekwale na gargajiya da ake yi ranar Lahadin farko ta Satumba, bakin babban mashigin ruwa ba masaka tsinke.

Sai da jama'a suka ragu na je gindin gadar Rialto, na tsaya gaban Fondaco dei Tedeschi, masaukin fataken Jamus inda Jakob Fugger ya zauna. An fara gina shi a 1228, ya ƙone a 1505, aka sake shi. Nan hukumar Venis ta tilasta wa fataken Jamus su sauka, su ajiye kaya, su yi ciniki a gaban jami'anta don kada haraji ya kuɓuce. Ƙarfe daga arewa, barkono da alharini daga gabas. Ƙofofinsa biyar na bakin ruwa suna nan, inda ake sauke kaya.

8 ga Satumba

Murano, tsibirin da aka mayar da masu narka gilashi a 1291 saboda tsoron gobara. Na ga yadda ake jan sandar gilashi mai launi-launi a yanka ta ƙanana ta zama duwatsun ado. Irin waɗannan sun isa kasuwanninmu. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya lissafa duwatsun ado na Venis cikin kayan da ake kawowa ta Sahara, tare da takarda mai alamar wata uku.

Maganar takardar ce ta hana ni sukuni. Masana'antun arewa maso gabashin Italiya sun daɗe suna yin takarda mai jinjirin wata uku a cikinta don kasuwar ƙasashen Musulmi, kuma ta Tarabulus da Masar take biyo ayari zuwa ƙasar Hausa da Borno. Littattafanmu na rubutun hannu da yawa a kanta suke. Da dare na kira Kawu a Zariya, wanda Alƙur'anin kakanmu ke hannunsa. Bayan gaisuwa na ce, "Allah gafarta Malam, wata alfarma nake nema. A ciro warƙa ɗaya daga gafaka a ɗaga ta ga fitila." Ya ce me zan gani. Na ce shi dai ya duba. Na ji motsinsa, na ji yana kiran yaro ya kawo tocila. Can ya ce, "Ikon Allah. Wata ne, guda uku, a jere, wani ya fi wani girma." Ya ce shekarunsa nawa yana buɗe littafin nan bai taɓa lura ba. Na roƙe shi ya sa a duba sauran warƙoƙin ko akwai haruffa ko wata alama, a ɗauko mini hoto.

10 ga Satumba

Lissafi ya zuwa yau: kayan aiki da kuɗin ƙungiya kusan Yuro 330, masaukan dutse da abincinsu kusan 400, hutun gwiwa da magani da zagayen mota kusan 200, duk a wajen shiri, birane, jirage da gidajen tarihi kusan 480. Na haura abin da na ware da kamar Yuro 250, wanda zai fito daga aikin ƙarshen mako na watan gobe.

Hotunan Kawu sun iso, amma duhu ya yi musu yawa, na ce a sake da rana a jikin taga. Gobe zan hau jirgi zuwa Pordenone, tafiyar kamar awa ɗaya daga Mestre. A kusa da ita, a Cordenons, gidan Galvani suka yi masana'antar takardarsu, kuma sunan Andrea Galvani yana cikin alamomin da aka fi samu a littattafan arewacin Najeriya. Masana'antu da yawa sun yi amfani da wata uku, don haka sai haruffan sun fito kafin a ce ga inda tamu ta fito. Zan nemi ɗakin karatu na garin in tambaya ko suna da samfurin alamomin.

Daga can sai gida ta mashigar Brenner a jirgin ƙasa. Gwiwa za ta ga likita a Augsburg. Pitztaler Jöchl kuma na sa ta a Yulin baɗi, daga Mittelberg zuwa Vent, kuma zan nemi gurbi tun ranar da masaukai suka buɗe rajista.